Mun je Gidimuni a kan keke, ana ta tambayarmu ko talauci ne



Tun ranar da muka dawo daga wannan tafiya, tambaya guda ake yi mini, a kasuwa, a ƙofar masallaci, har a gidan surukaina: "Mushe, lafiya dai? Babur ɗin naka ne ya mutu?" Wani abokina ma ya ja ni gefe, cikin tausayi da rufin asiri, ya ce in albashi ne bai shigo ba in faɗa masa, zai ranta mini jika biyar in zuba mai. Na gode masa, don da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma maganar tasa ita ta sa na zauna rubuta wannan, domin ta nuna mini inda muke: a garin Gure yau, magidanci ba ya hawa keke sai an ɗauka wani abu ya same shi.

Ga yadda abin ya faro. Muna zaune a fada da dare ana dafa shayi, sai ƙanen wani abokinmu da ya yi karatu a Kwatano yake ba mu labarin yadda shi da abokan karatunsa suke haɗuwa ranar hutu, su hau kekuna su nufi Wida, wani ƙaramin gari na bakin teku mai nisan kilomita arba'in ko kusa da haka. Su ci kifi, su jiƙa ƙafa a ruwan gishiri, su dawo kafin dare. Sai wani ya ce, "To mu ina tekun namu? Rairayi za mu je mu kalla?" Aka yi dariya. Gaskiyarsa ne, Nijar ba ta da teku, wanda ya fi kusa da mu sai an keta Najeriya tun daga arewa har kudu. Ni kuma na ce ai muna da Gidimuni. Kowa a wurin ya taɓa wucewa ta Gidimuni a mota, wasu fiye da sau hamsin, a hanyar Damagaram. Da na tambaya wa ya taɓa sauka ya taka har bakin tafkin, mutum biyu ne kawai cikin goma sha ɗaya.

Muka sa rana cikin hunturu, da gangan. Duk wanda ya girma a nan ya san iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hanyar Gure zuwa Gidigir kuwa kudu maso yamma ta nufa. Wato iskar da ke cika mana ido da ƙura a gida, ita ce za ta tura mu ta baya. Mu goma sha huɗu muka tashi bayan sallar asuba: malaman makaranta uku, wani ma'aikacin asibiti, teloli biyu, wani mai faci da muka roƙa ya biyo mu da famfo da sholisho, sauran kuma samari ne ƴan lise da waɗanda suka gama suna zaman jiran aiki. Rabin kekunan aro ne. Nawa na saye shi jika talatin da biyar wajen wani dattijo da ya ce ƴaƴansa sun hana shi hawa, wai yana ba su kunya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce tafiyar daɗi ce zalla ba. Daga Gure zuwa Gidimuni kusan kilomita ɗari ne. Kafin mu kai Gidigir an yi faci sau shida. Mutum uku a nan Gidigir suka ce su kam sun ga iyakarsu, suka zauna jiran motar da muka yi magana da ita za ta kwaso mu da yamma. Ni kaina a kilomita ashirin na ƙarshe ba na jin ƙafafuna, sirdin kuma ya zame mini kamar an ɗora ni a kan tsinin turmi. Dawowa kuwa ko a mafarki ba mu yi tunanin yin ta a keke ba, don iskar da ta kai mu ita za ta tare mu a fuska. A bayan kamyo muka dawo, mu da kekunanmu da ɗaurin rake.

To amma abin da na gani a wannan yini, shekara goma sha biyar ina bin hanyar nan a mota ban gan shi ba.

A mota, tsakanin Gure da Damagaram barci ne da waya. Ka rufe gilashi saboda ƙura, ka farka a shingen jandarma, ka nuna katin ɗan ƙasa, ka koma barci. A kan keke ba ka da wurin ɓuya. Kana fita daga duwatsun Muniyo rana na ɓullowa a bayanka, kana jin inda hanya ta hau da inda ta gangara a cinyarka. Kana ganin inda rairayi ya fara lasar kwalta, kana ganin kwarin da kan gorubarsa kawai ya rage a waje, gindin duk ya nutse. Mun tsaya a wani wuri inda aka kafa shingayen kalimbo a kan tudu don tsare rairayi, wani sashe ya kama har ciyawa ta fito a tsakani, wani sashen kuma iska ta kwantar da shi, dabbobi sun tattake. Ɗaya daga cikin samarin, wanda ya ci jarrabawar bak bara, ya tsaya yana kallo ya ce, "Ashe wannan ne ake cewa kafe tudu?" A takarda ya karanta shi, da Faransanci, ya rubuta shi a jarrabawa ya samu maki. Abin yana nan ƙasa da tafiyar awa biyu daga ɗakin uwarsa, bai taɓa gani ba.

Wannan ya tsaya mini a rai. Muna da samari da za su iya gaya maka sunan kowane ɗan wasan Real Madrid da na benci, su faɗa maka unguwannin Dubai, amma ba su san kwaruruka nawa ke kewaye da garinsu ba, ba su san daga ina dabinon da kanwar da ake sayarwa a kasuwar Gure suke fitowa ba. Ban ga laifinsu ba. Mu ne muka koya musu cewa ƙauye wuri ne da ake wucewa da gudu. Wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasashen nan, ya sauka a Gure a ƙarshen shekarar 1852 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, a lokacin Gure ce mazaunin Muniyoma. A kan dabba ya bi ƙasar nan, a hankali, ya rubuta duwatsunta da rijiyoyinta da gonakinta. Abin kunya ne a ce baƙon da ya wuce sau ɗaya shekara fiye da 170 da suka shige ya fi ɗan gari na yau sanin abin da ke tsakanin Gure da Gidimuni.

Mun isa bayan azahar. Wallahi, in ka fito daga cikin farin rairayi da ƙaya ka hango wannan kore, sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ƙirji. Dabino, rake, rogo, albasa, kabeji, ga ruwa shimfiɗe, ga tsuntsaye. Samarin suka watsar da kekuna suka ruga. Muka yi alwala, muka yi salla, muka sayi soyayyen kifi wajen wata baiwar Allah da ta yi ta mamakin wai daga Gure muke a kan "wannan abin". Tun shekarar 2019 aka sa tafkin Gidimuni cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A cikinmu goma sha ɗaya da muka ƙarasa, ni da mutum ɗaya ne muka taɓa jin haka.

Wani dattijo mai lambu ya kira mu inuwa, ya sare mana rake bai karɓi ko dala ba. Na ce masa, "Baba, ruwan nan haka yake tun kuna yara?" Ya yi murmushi ya nuna mini da sandarsa inda ya ce ruwa yake kaiwa a da, sannan ya nuna kacalla da ta cinye gefe guda, ya nuna tudun da ke gangarowa ta ɗaya gefen. Ya ce, "Ɗana, masu manyan motoci suna zuwa, su tsaya a bakin hanya, su ɗauki hoto, su tafi. Ku ne na fara gani kun zo da gumi." Ban ƙara masa komai ba, haka ya faɗa. Mun fi awa guda tare da shi. Da a mota muka zo, na tabbata da minti goma ba za mu yi ba, direba zai fara danna oda.

Yanzu bari in dawo kan tambayar da ake yi mini, ta talauci.

E, talauci ne, mana. Wa ya ce muna da kuɗi? Abin da ban gane ba shi ne yadda talaka yake jin kunyar abin da zai rage masa talauci, ya rungumi abin da zai ƙara masa. Mu yi lissafi a fili. A watan Yulin 2024 da gwamnati ta rage farashi, litar mai a gidan mai ta koma sefa 499. Mai babur da ke ƙona lita guda a yini, a wata ya ƙona kusan jika goma sha biyar, ban da baƙin mai, ban da gyara. A wata uku ya ƙona kuɗin keke irin nawa har da canji. Kuma yawancin zirga-zirgar da muke yi a cikin Gure, daga gida zuwa wurin aiki, zuwa kasuwa, zuwa tasha, ba ta wuce kilomita biyu ko uku ba.

Kuma mun ga yadda man nan yake yi mana. Muna da matatar SORAZ a arewacin Damagaram tun 2011, ɗanyen man daga Agadem yake zuwa, amma shekara da shekaru da ruwa-ruwan Najeriya baburanmu suke tafiya, don ya fi araha. Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban Najeriya ya ce an cire tallafin mai, kafin mako ya zagayo kwalbar da ke bakin hanya a nan ta tashi. Bayan wata biyu aka rufe iyaka. A watan Maris na 2025 kowa ya ga layukan da aka yi a gidajen mai a ƙasar nan. Duk lokacin da haka ta faru, mai kabu-kabu ya ƙara kuɗi, mai babur ya jingine shi a zaure ya koma tafiyar ƙasa. Mai keke kuwa ko a jikinsa. Maƙwabtanmu na jihar Difa sun ɗanɗana wani abin da ya fi wannan, lokacin da dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana hawa babur saboda matsalar tsaro. A Maiduguri ma da aka hana babur a 2011, keken da aka raina shi mutane da yawa suka koma wa, har da ma'aikata da ƴan makaranta. Allah ya kiyaye mu da irin dalilin da ya kai su ga haka. Amma sai dole ta sa mu za mu gane amfanin abu?

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini. Za a ce Gure ba Wagadugu ba ce. Can ƙasa ce mai tauri, shimfiɗaɗɗa, shi ya sa mata da maza, tsoho da yaro, kowa ke kan keke, har suna da gasar Tour du Faso tun 1987. Mu kuwa rairayi ne, ka sauka daga kwalta taku goma taya ta nutse. Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Akwai unguwanni a Gure da ko babur sai an tura, akwai ƙauyukan da in ba raƙumi ko amalanke ko mota mai ƙafa huɗu ba, ba abin da zai kai ka. Ga zafin watan Afrilu da Mayu, wanda ba mai hankalin da zai ce a hau keke da tsakar rana. Ga ƙaya. Ban ce keke zai maye gurbin komai ba. Wanda zai kai mai naƙuda asibiti ba keke zai nema ba.

Amma babbar hanyar ƙasa ta ɗaya ta ratsa mu, daga Yamai har Gigimi, kuma garuruwa da ƙauyuka da yawa na wannan yanki a bakinta suke ko kusa da ita. A tafiyar nan mun wuce yara ƴan koleji, ranar ba makaranta amma mun tsaya mun yi hira da wasu a bakin rijiya. Akwai wanda ya ce mana kullum sai ya yi tafiyar fiye da awa guda kafin ya kai aji, a bakin kwalta, da ƙafa. Ni malami ne, na san ƙarshen irin wannan labari. Yaron zai jure shekarar farko. A ta biyu zai fara makara, a kore shi daga darasin farko, maki ya faɗi. A ta uku za ka ji an ce ya tafi Libiya ko Aljeriya ko wurin haƙar zinariya a Jado. Yarinya kuwa ba ta ma kai nan, don iyaye ba za su bar ta tana tafiyar awa guda ita kaɗai a daji ba, kuma ba kowa ke da ɗan uwan da zai riƙe masa ƴa a gari ba. Mukan zauna a taro mu ce iyaye ba sa son boko. Wani lokaci ba ƙin boko ba ne, nisa ne kawai.

A jihar Bihar ta ƙasar Indiya, wadda take cikin mafi talauci a can, gwamnati ta fara ba ƴan mata masu shiga sakandare kuɗin sayen keke a shekarar 2006. Masu bincike da suka bi diddigin shirin sun samu cewa shigar ƴan mata sakandare ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ƙaruwar ta fi yawa a ƙauyukan da makaranta ke nesa da su. Ba gini aka yi ba, ba taron bita a otal ba. Keke ne. Na san wasu za su ce ƴa mace a kan keke bai dace da al'adarmu ba. Ni dai abin da na gani da idona shi ne, ƴar da muke hana wa keke, ita ce muke ɗora wa a bayan ɗan kabu-kabun da ba mu san ko ɗan wane ne ba. A yi mini bayanin wanne ya fi kusa da kunya.

Sai dai akwai abin da ya fi rairayi da al'ada tsanani, shi ne hanyar kanta. A nan ne na ji tsoro na gaske. Bayan mun bar Gidigir kaɗan, wata babbar motar safa ta taho ta bayanmu, wata tankar mai kuma ta gaba. Direban safar bai rage gudu ba ko kaɗan, oda kawai ya kwanta a kai. Muka watse gefe. Ƙaramin cikinmu, yaro ɗan shekara goma sha bakwai, tayarsa ta faɗa inda bakin kwalta ya gutsure, ya kife cikin ƙarangiya. Allah ya tsare, gwiwa da tafin hannu kawai ya ɗaye. Na tsaya ina kakkaɓe shi hannuna na rawa, ina tunanin da me zan je in gaya wa uwarsa, don ni na je har gida na roƙa a bar shi ya biyo mu. A idon direbobi da yawa, mai keke da mai amalanke da mai tafiyar ƙasa duk ɗaya suke da akuya: a yi musu oda, in sun kauce sun tsira. Kuma ba su kaɗai ke da laifi ba, hanyar ba a bar wa kowa gefe ba, inda aka bari kuma rairayi ya cinye ko ruwa ya zaizaye.

Saboda haka ni ba zan ce wa kowane uba ya saki ɗansa a wannan hanya gobe da safe ba, alhali na ga abin da na gani. Abin da nake nema a wurin ma'aikatun magajin gari na Gure da Gidigir da Gidimuni, da masu kula da hanyoyi, ba abu ne mai tsada ba. A share rairayin da ya hau gefen kwalta a mashigar garuruwa da kusa da makarantu, a cike inda ya gutsure. A zauna da ƙungiyoyin direbobi da kamfanonin safa a kan gudu a cikin gari. A yi rumfa a kowace koleji inda yaro zai jingine keke ya same shi in ya fito. Ƙungiyoyin da ke kashe miliyoyi a kan tarukan wayar da kai game da karatun ƴaƴa mata, su gwada sayen keke hamsin su ba wata koleji ta bakin hanya, su sa mai faci guda a kusa, su dawo bayan shekara biyu su ƙirga yara nawa suka rage a aji. In bai yi amfani ba, a zo a faɗa mini a nan, zan karɓa.

Mu kuma ma'aikata, namu ya fi sauƙi kuma ya fi wuya. Muddin yaro bai taɓa ganin malaminsa ko likita ko wani mai muƙami a kan keke ba, zai ci gaba da ɗaukar cewa keke alamar wanda ya kasa ne, zai ci gaba da matsa wa ubansa a sayar da tunkiya ko gona a saya masa babur. Ni na fara zuwa makaranta da nawa tun makon da muka dawo. Ranar farko ɗalibai suka yi ta leƙe ta taga suna dariya. Ranar Alhamis wani ɗan aji uku ya tsaya bayan an tashi, ya ce, "Mushe, akwai wani tsoho a gidanmu na kakana, taya ce babu. Nawa ake sayar da ita?" Na aika shi wajen mai facin da ya raka mu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018, wasu a fada sun ce mu shirya tafiya ta biyu a ranar. Na ce su rufa mini asiri, wanda ya zaɓi wannan rana bai san zafin Gure a farkon Yuni ba. Mu sai hunturu in Allah ya kai mu, kuma wannan karon ba za mu yi nisa haka ba, wani kwari na kusa za mu nema wanda za a je a dawo a kan keke kafin la'asar, don waɗanda suka tsaya a Gidigir su ma su samu ƙarasawa. Yaron da ya faɗi shi ya fara rubuta sunansa. Uwarsa ta ce sai na zo da kaina mun yi magana tukuna.